Jirgin da Na Bari Mahaifina Ya Ɗauka na Gaske ne

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina aikin gyaran wutar lantarki a kamfanin siminti na Malbaza, ban yi aure ba, ɗaki ɗaya nake haya. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, babu abin da ke ɗauke mini hankali kamar jirgin sama. Da na samu kwamfuta mai ƙarfi sai na saka mata manhajar koyon tuƙin jirgi, na sayo sandar tuƙi a Konni. Manyan jiragen fasinja ba su dame ni ba. Wanda ya kama zuciyata wani ƙaramin jirgi ne da ake saukewa daban a ƙara shi cikin manhajar, mai farfela ɗaya a hanci, irin wanda ke kai kaya da magani ƙauyuka, ya sauka a fili ko babu kwalta.

Ranar da na fara tayar da shi ban ci abincin rana ba. Sai da na koyi ba shi mai, na kunna injin, na jira ya yi zafi, sannan na sake birki. Da ƙafafunsa suka bar ƙasa ihu na yi, har maƙwabcina ya leƙo yana tambayar lafiya. Taswirar da ke ciki ta ƙasarmu ce sosai. Ga titin Konni kwance kamar zare, ga gonakin gero, na karkata arewa har Illela na dawo. Sauka ce ta ba ni wuya. Sau da dama iska ta ture ni gefe, ko na loda masa kaya fiye da kima ya ƙi tsayawa. Ranar da na dire shi lafiya a wani fili kusa da Bazaga, inda ƙauyenmu yake, murna ta cika ni.

A cikin wannan murnar na yi kuskurena. Na ɗauki bidiyon fuskar kwamfutar da waya, na matso sosai yadda ba a ganin gefenta, na tura wa dangi ina cewa ga ni sama da gida. Matasa sun gane wasa ne. Mahaifina bai gane ba. Ya kira ni, ya ce ashe Allah ya cika mini burina, ya yi ta sa mini albarka. A nan ya kamata in faɗa masa gaskiya. Amma daɗin da na ji a muryarsa ya hana ni, sai na ce amin kawai. Daga baya na ji yana nuna bidiyon a ƙofar masallaci. Da na je gida tsofaffi suka riƙa ce mini mai jirgi, ni kuwa ina murmushi, har ina yi musu bayanin yadda ake sauka idan iska ta yi ƙarfi.

Da damina, wata Laraba da hantsi, ina wurin aiki waya ta yi ƙara. Mahaifina ne. Maciji ya sari ƙaninsa, kawuna, a gona yana noma, ƙafa ta fara kumbura, ga koramar da ke tsakaninsu da titi ta cika da ruwan jiya. Ya ce, “Ɗana, ɗauko jirgin nan maza. Mun sa an kore awaki daga filin da ka sauka rannan, muna nan muna jiranka.”

Na tambaye shi tun yaushe abin ya faru, ya ce an ɗan jima, sun tsaya gyara filin tukuna. Na ce, “Baba, babu jirgi. Wasa ne cikin kwamfuta. Ku ɗora kawu a amalanke yanzu, ku kewaya ta tudu.” Ya ce to, ya kashe wayar.

Na roƙi wani abokin aikina mai mota, muka kama hanya a guje. A bakin kwalta muka same su, jakin ya jiƙe da gumi, kawu kwance yana nishi. Muka kai shi likita a Konni. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka samu maganin, amma ya yi kwanaki a kwance, kuma har yau yana ɗingisa ƙafar. Ma’aikacin da ya karɓe mu ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. A farfajiyar asibitin mahaifina bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi shi bai ji kunyar a ce ɗansa mai gyaran wuta ne ba, bai san me ya sa ni na ji ba.

Ban daina tuƙa jirgin ba, don har yanzu ina son sa, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin nawa ne da na ga tsoho ya gaskata abin da ba haka ba, na yi shiru saboda yabo ya yi mini daɗi. Ina jan hankalin ’yan’uwana masu tura hotuna da bidiyo gida: abin da kai ka san wasa ne, iyayenmu da gaske suke ɗaukarsa, kuma a kansa za su yanke shawara ranar da rai ke cikin haɗari. Idan kun ga sun fahimta ba daidai ba, ku gyara musu a take. Kawuna ya ce ya yafe mini, amma duk sa’ad da na ga yana jan ƙafar zuwa gona, ni ba na iya haɗa ido da shi.