Dogonyaron Yaye

Ni na daka ganyen dogonyaron da aka shafa wa Inna a nono. Shekarata goma sha uku, ƙanwata Auta kuwa ko tafiya ba ta fara ba.

Wani dillali a unguwar Klémat ne ya samo wa Inna aikin gida a Jidda, kwantiragin shekara biyu. Ya ce likitansu ba ya sa wa mai shayarwa hannu. Babanmu ya rasu, shagonsa ya bi shi, saboda haka ba wanda ya yi gardama. Auta ta kama nono, ta saki, ta tsala ihu. Inna ta juya fuska ga bango.

"Ki riƙe min ita," ta ce da ni ranar tafiya. "Kafin ta yi wayo na dawo."

Na bar lekol, wato makarantar boko, na ɗauki goyo. Shekara biyun nan ta yi ta haihuwa har ta zama biyar, domin uwar ɗakinta ta riƙe fasfo, wai ɗanta ba ya cin abinci sai a hannun Inna. Ɗan wata yana ƙiba a can, tamu tana tsotsar yatsa a unguwarmu, Amriguébé. Maƙwabta suna ta yi mana barka da sabon rufin kwanon da kuɗin Inna suka yi mana. Har yau ina jin haushin barkar nan.

Ranar da Inna ta dawo, gida ya cika da mata da ƙamshin turare. Ta ture kowa, ta durƙusa, ta buɗe hannuwa. Auta ta gaishe ta da ladabi, "Sannu da zuwa, Hajje," ta koma bayana ta riƙe zanena.

Inna ta gwada alewa, ta gwada 'yar tsana mai rufe ido. Auta takan karɓa ta kawo mini ajiya. Ko kitso ba ta yarda Inna ta yi mata ba.

Wata safiya muna shan koko, Auta ta ja hannuna.

"Yaya, yaushe baƙuwar nan za ta koma gidansu?"

Inna ta ji. Ta ajiye ludayi, ta ɗauki mayafi, ta ce za ta leƙa Klémat. Kafin azumi ta sake tafiya. Da motar ta tashi, Auta ta ɗaga mata hannu tana dariya, ni kuwa ina tsaye ƙarƙashin dogonyaron nan da na daka ganyensa, na rasa wanda zan zaga.