Bindigar da Na Kai wa Surukina

Ko da tsufa ya kai ni ga mance sunayen jikokina, ranar da na kai wa surukina kyautar bindiga ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina ganin kaina gwanin ciniki. Albasa nake saye a garake, wato lambunan rani, in kai Madawa, bakina ya saba da tayi har abin ya zame mini ciwo. Ko allura zan saya sai na taya. In mai kaya ya ce goma, ni huɗu nake fara cewa, in juya baya kamar zan tafi, kunnena na jiran a kira ni. Abokaina kan ce ranar da na mutu sai na tashi na nemi ragi a kuɗin likkafani, ni kuwa wawa ina jin wannan kamar kirari.

Matata ta tafi gidansu wajen Tabotaki haihuwar fari. Ta sauka lafiya, muka je aka yi suna, na baro ta tana wankan jego. Ana gab da arba'in in je ɗauko ta, sai labari ya iso mini cewa an shiga bukkar gonar mahaifinta an sace masa bindigarsa ta toka. Gonar a gindin dutse take, birai na saukowa su yi wa wake da dawa kaca-kaca, kuma da wannan bindiga tsohon yake korarsu tun kafin a haifi matata. Na ce madalla, ga ƙofar da zan shiga gidan nan da girma. Zan tafi masa da wata bindigar, a san 'yarsu ba hannun banza ta faɗa ba.

Ranar kasuwa na nufi rumfar wani maƙeri a Madawa wanda duk mahalban yankinmu suka sani. Ya ɗauko mini guda, ya ce jika arba'in, wato sefa dubu arba'in. Ya yi mini bayanin yadda yake yi: in an daidaita sai ya kira mutum biyu su shaida, ya ɗura ta ya gwada a gabansu, sannan ya aika wa mai garin mai saye cewa wane ya ɗauki bindiga daga hannunsa. Duk wannan yana cikin kuɗin. Na ce masa ni bindiga na zo saye, ban zo sayen shaidu ba, na taya sha biyar.

Tun hantsi nake kansa har aka kira azahar. Na kushe ƙotar, na kushe bakin, na ce kunamar ta yi tauri, alhali ni da ban taɓa harba ko ta wasan yara ba. Duk abin da na faɗa sai ya ce albarka, ya ci gaba da zuga wutarsa. Na yi dabarata ta juya baya har sau uku, ko ɗaga kai bai yi ba, ni da kaina nake dawowa. Daga ƙarshe ya ajiye masaba ya dube ni ya ce, "Malam, wagga ba albasa ta ba. Ba ta ruɓewa in ta kwana."

Na fita raina a ɓace. Ban yi nisa ba wani mutum ya taɓa kafaɗata, ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Ya ce ya ji cinikinmu, kuma maƙeran nan ba su da tausayi. Ya ja ni bayan kasuwar dabbobi, ya warware wata tsohuwar tabarma, sai ga bindiga an naɗe ƙotarta kaf da robar taya. Ya ce ta marigayi babansa ce, kuɗin magani yake nema, in ba da ashirin da biyar. Na ce sha biyar. Kafin in rufe baki ya ce ya sallama. Duk ɗan kasuwar da ke da hankali, in aka sallama masa da wuri haka gabansa faɗuwa yake yi. Ni daɗi na ji.

Kuma don Allah ya nufa in sha kunya da kyau, ban wuce gida ba sai da na biya ta rumfar maƙerin da tabarmata a kafaɗa, na ce masa ga shi na samu da sha biyar ɗin da ya raina. Ya tambaye ni wa ya sayar mini, na ce wani bawan Allah. Ya ce mi ne ne sunansa, ɗan wane gari ne? Na yi dariya, na ce ashe ciwon rashin ciniki haka yake sa mutum tambaya.

Na san mai karatu ya riga ya hango inda maganar nan ta nufa. Wallahi ni ban hango ba. Ban taɓa ganin bindigar surukina kusa ba, don tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama kusa da shi ba, balle in ƙare wa kayansa kallo. Daga nesa nake tsugunawa in gaishe shi, kaina a ƙasa.

Ranar ɗauko matata na sa babbar rigata, na tafi da kawuna, don suruki ba ya miƙa wa suruki abu da bakinsa, sai an yi masa magana. A hanya na ja kunnen kawu. Na ce in an tambaya ya ce daga hannun maƙerin nan na Madawa take, jika arba'in cif, ko tayi ban yi ba. Wurin maƙeri ina alfahari da araha, wurin surukai ina alfahari da tsada, ka ji mutum.

Zaure ya cika da dattawa da yayyen matata. Kawu ya yi jawabi mai daɗi, ya faɗi arba'in ɗin har sau biyu, aka yi ta sa mini albarka, ni ina can bakin ƙofa ina kumbura. Tsohon ya warware tabarma, ya ɗaga bindigar, ya auna nauyinta a hannu. Ya juya ta yana dubawa. Sai ya ce a miƙo masa wuƙa. Ya yanke robar nan a hankali yana warwarewa, sai ga shaidar da gidansu ke yi wa shanu an ƙona ta a jikin icen, ga kuma wata tsaga da ya ɗaure da jan ƙarfe da hannunsa. Ya ce, ba tare da ya dubi inda nake ba, "Wagga ai tawa ta."

Inna lillahi! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Babban wan matata, wanda dama ba ma shan inuwa ɗaya, ya miƙe tsaye. Ya tuna wa mutane cewa ranar suna na zaga gonar, na ga bukkar. Ya ce maƙeri ba ya sayar da kayan sata, to ƙarya ta fito, in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, ga surukina zaune, sai in-ina. Da ƙyar na ce wani mutum ne a bayan kasuwa. Sunansa? Ban sani ba. Garinsu? Ban sani ba. Kamanninsa? Idanu biyu. Nawa? Da na ce sha biyar, kawuna ya jawo hularsa ya rufe fuska.

Wan matata ya ce a kira jandarmomi su tafi da ni, kuma a zamanin nan kowa ya san abin da ake nufi da a kama mutum da bindigar da bai san asalinta ba. Mai gari ya zo ya ce a dakata, amma ya yanke cewa matata da ɗana ba za su bar gidan ba sai an wanke ni. Ina jin kukan jaririn daga cikin gida, ba ni da fuskar shiga. Nan na ji tsoro na gaske, don na ga aurena yana shirin tafiya a kan ragin da na yi murna da shi.

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya cewa ya gan ni da tabarmar nan ranar kasuwa, shi ne wanda na yini ina kushe wa sana'a. Washegari aka tura mai babur ya ɗauko shi, ni na zuba esansi, wato fetur, zuwa da komawa, ni na biya masa yinin da ya rufe maƙera. Ya zauna gaban mai gari ya ba da labari tiryan-tiryan, bai rage ko juya bayan nan uku ba, har kwaikwayon tafiyata ya yi. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, wanda ya ɓoye bindiga gida ba ya yini yana roƙon ragi bisa wata. Wanga ba ɓarawo na ba. Rowa ce gare shi, da ƙaramin hankali."

Zaure ya kwashe da dariya, har wan matata sai da ya juya baya yana riƙe ciki. Ni kuwa ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba, saura kaɗan in ce amin. Surukina ya dubi mai gari ya ce a ba yaron nan iyalinsa su tafi, ya gode da aka sayo masa bindigarsa.

Muka kamo hanyar gida ni da matata har muka wuce Karofane. Can ta gyara goyonta ta ce, "Maigida, ko hannu rabbana ka zo, Baba ba ya hana ka mu."

Har gobe ina taya albasa, ina taya akuya, hali zanen dutse ne. Amma duk abin da wata rana za a iya tsare ni a ce ina ka samo shi, na koyi in biya kuɗinsa cikakke ga mutumin da ke da suna da rumfa, wanda in ta ɓaci zai iya miƙewa cikin jama'a ya ce shi ya sayar mini.