Jirgin Garba Ba na Ƙasa Ba Ne

A da, mai zuwa Illela daga Gusau sanda ya ga dama yake tashi. Yanzu sai ya tambayi lafiyar hanya. Ni ban tsaya tambaya ba, don an ce gobe za a tsallaka da Garba Nijar neman maganin ciwon zuciya, kuma 'ya'yansa ba su da tabbacin dawowarsa. Shi ne matuƙin da ya sauko da jirgi mai saukar ungulu cikin ruwan harsashi a yaƙin Laberiya, ya kwashe mu masu rauni. Sai bana na san inda yake.

Gusau zuwa Sakkwato

Ana idar da sallar asuba muka tashi. Na ga shingen bincike a Chadi da Sudan, amma ban taɓa ƙosawa da su kamar yau ba. A tashar Sakkwato na ci waina a tsaye.

Gwadabawa

Direba ya tsaya lodin albasa. Na ce, "Ɗana, mu tafi mana!"

Ya ce, "Baba, mi kaka sauri? Iyaka ba ta gudu."

Illela

Na ratsa 'yan canji masu kaɗa sefa, na tare ɗan kabu-kabu. "Gidan Garba matuƙin jirgi."

"Au, Garba mai jirgin ƙasa? Hau."

Ashe an matso da tafiyar. Mota na ƙofa, an sa jakarsa, maƙwabta sun cika zaure suna sallama da shi. Na kutsa, na ɗaga riga, na nuna musu tabon cikina. Na ba su labarin ranar, yadda aka ce kada ya sauka, ya sauka.

Limamin unguwa ya ce, "Alhaji Garba, jirgin sama na? Shekara da shekaru kab bar mu cikin duhu!"

Garba ya yi murmushi. "Malam, ni jirgi kawai nic ce. Ku kunka shimfiɗa mai layin dogo." Ya ƙura mini ido. "Kai na wanda ke ta kiran uwatai a bayana?"

Na ce ni ne. Aka yi dariya, ni kuwa hawaye. Na riƙe hannunsa har mota, na ce, "Allah Ya saka, ranka ya daɗe."

Komawa

Washegari na iso Gusau lafiya, na gode Allah. Garba na can asibiti har yanzu. Amma a Illela an daina ce masa mai jirgin ƙasa.