Yadin da Mama Ke Bari a Bakin Riga

Mahaifiyata tela ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa sa rigar da ta yi mini daidai ba. Duk abin da za ta ɗinka wa yaro, sai ta bar yadi kusan faɗin tafin hannu a bakin rigar, ta kalmashe shi ciki, wai in yaro ya ƙara tsawo a warware a saki. Hannun riga ma haka. Ni da ƙannena mun tashi muna jan riguna masu nauyi kamar labule. Masu kawo ɗinki sun yi ƙorafi har bakinsu ya gaji, ita ko a jikinta. In mace ta matsa, sai ta miƙa mata yadinta ta ce, "Ga teloli nan birjik a layin, ki gaishe su."

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ƙafa, dutsen guga, da tebur wanda alli ya mayar fari. Tana cikin mawaƙan cocinmu, muryar ba daɗi, amma ba a haifi wanda zai gaya mata ba. Kullum da safe kafin ta taka keke sai ta yi addu'a, rabi godiya rabi mita. Za ta gaya wa Allah gwiwarta na ciwo, idonta ya fara ɓata da ramin allura, maƙwabcinta mai walda ya hana ta jin kanta. Sannan ta ce, "Ka ba ni ƙarfin yau. Na gobe ka riƙe a wurinka, in ka ba ni yanzu ɓarnatar da shi zan yi."

A da, dariya addu'ar nan take ba ni. Na daina dariya lokacin da aka sake kwantar da 'yata a asibiti. Da ciwon zuciya aka haife ta, kuma wannan karon likita bai iya kallon idona ba, ya ce dai za su yi iya ƙoƙarinsu. Mutanen coci suka yi ta zuwa dubiya, kowa da ayarsa a baki. Wata dattijuwa har cewa ta yi in binciki kaina ko akwai zunubin da ban tuba ba. Na bi ta da ido kawai, don in na buɗe baki ba za mu ƙara gaisawa ba. Addu'a kam na yi har na ji haushin muryata.

Yarinyar ta gaji da rigar asibiti, ta ce kakarta ta ɗinka mata ja mai furanni. Ranar da na je karɓa da rana tsaka, na tarar Mama ta goge ta ta rataye. Ina ɗagawa na ji nauyin nan da na sani. Na juya bakin rigar, sai ga yadin a ninke, har ya fi na kullum. Raina ya yi mugun ɓaci.

"Mama, mene ne wannan?"

"Wurin girma ne. Ƙawata doguwa za ta yi, ƙafar ubanta ta ɗauko."

"Kin ji abin da likita ya ce kuwa? Riga ɗaya yarinyar nan ta roƙa, ki yi mata daidai jikinta, shi ma ya gagara? Kullum Allah mai aminci ne, Allah mai aminci ne. Ina amincin yake? Ni ban gan shi a ɗakin can ba."

Ta ɗauke ƙafa daga keken, ta cire tabarau. Na zaci faɗa za ta yi, na ma shirya mata.

Ta ce, "Yayanki da ya rasu kafin a haife ki, da rigar da na ɗinka masa aka binne shi, ban kai ga warware ta ba. Kina tsammanin tafi na yi wa Allah? Gaba na yi da shi. Na daina addu'a, na daina zuwa coci, fasto ya zo na bar shi a ƙofa. Amma duk safiya sai in farka da ɗan ƙarfin da zai kai ni yamma, alhali ban roƙa ba. Ina fushi da shi, yana ciyar da ni. Haka muka yi har na ji kunya."

Na ce, "Amma ai yaron bai dawo ba."

"Bai dawo ba. Yesu bai taɓa ce mini ba zan binne ɗa ba. Cewa ya yi kabari ba nan ne ƙarshe ba, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ni ma tsoro nake ji, jiya sau nawa na soke yatsana a kan rigar nan. Amma hannuna ba zai yanke wa yarinya gobe ba tun Mai goben bai yi magana ba." Ta turo mini almakashi. "Ke ce uwarta. In kina so, yanke."

Na ɗauki almakashin na riƙe. Ita kuwa ta koma kan kekenta kamar ba na wurin, abin da ya ƙara ƙular da ni. Na ajiye almakashin da ƙarfi, na ɗauki rigar yadda take, na fita ko sallama ban yi ba.

A asibiti na sa wa 'yata rigar a hankali saboda robar ƙarin ruwan da ke hannunta. Ta shafa furannin, yatsunta suka sauka kan ninkin, ta tsaya.

"Mama, yaushe za a warware mini?"

Fushina bai tafi ko'ina ba, kuma ban san amsar ba. Na sa hannu a kan zanen gado, ƙasa da tafin ƙafarta kaɗan, na ce, "In kin kai nan."

Ta cije leɓe, ta miƙe ƙafafunta iya ƙarfinta.