Fangali Biyu na Alayyafo da Ƙanena Sale

Bana shekara saba'in ke nan da muka binne ƙanena Sale. Ni dillaliya ce, da ƙidaya na saba, don haka da ita zan fara. Abin da awakinmu suka ɓata a garkar Malam Tanko fangali biyu ne na alayyafo. Abin da aka karɓa a madadinsu haƙarƙari biyu ne, da kwana huɗu na ciwo a ɓoye, da ran yaro ɗan shekara tara.

A lokacin, kafin 'yancin kai, Gyaɗi-Gyaɗi ƙauye ne a bayan ganuwa, gonaki sun fi gidaje yawa. Inda 'yan adaidaita sahu ke cushewa yau, nan muke kora awaki. Dokar unguwa kuwa kowa ya san ta: duk babba uban kowane yaro ne. Wanda ya gan ka kana ɓarna zai zane ka nan take, in labari ya isa gida a ƙara maka, sannan mahaifinka ya taka har ƙofar mutumin ya yi godiya. Ba na zagin wannan tsari gaba ɗayansa. Shi ya hana mu ɗauke-ɗauke da yi wa manya tsiwa. Amma masu kewarsa a rediyo da jaridu suna tsallake rabin labarin, kuma wannan rabin a ɗakinmu ya faɗo.

Sale yaro ne mai surutu, in ya fara wasan langa sai ya manta da duniya. Ran nan shi da abokinsa Garba, autan Malam Tanko, suka shagala da langa. Garba ya bar ƙofar shingen garkar ubansa a buɗe, awakinmu suka shiga. Malam Tanko ya fito da fartanya a hannu. Bai tsaya neman tsumagiya ba, ya juya ƙotar ya sauke wa Sale a gefen ƙirji. Nasa ɗan ko harara bai samu ba.

Sale ya dawo yana tafiya a karkace, ya ce wa Inna daga kan jaki ya faɗo. Ni kaɗai ya gaya wa gaskiya, ina daka a bayan ɗaki.

"Yaya Binta, don Allah kar ki faɗa. In Baba ya ji zai ƙara mini."

"Kai dai rago ne. Yau ka fara shan duka?"

Haka na ce masa, ina dariya. Shekarata goma sha huɗu. Na riƙe masa sirrin kamar yadda ya roƙa. A rana ta huɗu ya fara tarin jini. Aka ɗora shi a jaki za a kai shi asibitin cikin gari, bai ko kai ƙofar gari ba.

Da na fasa maganar, dattawa suka taru a zauren mai unguwa. Suka ce hannun tarbiyya ne, ba na ƙiyayya ba, kwanan yaro ne ya ƙare. Mahaifinmu ya yafe. Hujjarsa ita ce in ya kai ƙara gaban alƙali, babu wanda zai sake tsawata wa sauran 'ya'yansa a unguwar. Malam Tanko ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarmarmu, ya ci gumbar sadakar Sale. "Na yi kuskure" ba ta fito daga bakinsa ba. Ni ban yafe ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Aure ya kai ni Tarauni, na fara dillancin kayan ɗaki da tasa uku da na saya da kuɗin ƙuli-ƙulina. Sana'ar tana da ƙa'ida: in yaro ya kawo miki kaya, ba kya saye sai kin bi shi gida kin ji daga bakin uwarsa. Shekara bakwai da rasuwar Sale, sai ga Garba a ƙofata, ya zama saurayi, da tasar tagulla a ƙarƙashin riga. Na san tasar, ta jeren ɗakin uwarsa ce. Na kuma san inda zai nufa daga wurina, wajen 'yan karta na gindin tsamiya a hanyar Unguwa Uku.

"Yaya Binta, Inna ce ta aiko ni."

"To madalla. Ka gaishe ta."

Da wata dillaliya ce, da ta kama kunnensa ta ja shi har gaban ubansa. Ni na dubi faɗin kafaɗarsa, na ce a raina da yanzu Sale ma ya kai haka. Na sayi tasar, na dama masa fura ya sha. Ya dawo, ya sake dawowa, kullum sai in ce ya gaida gida. Da ɗakin uwarsa ya yi fayau, ya koma kan kayan maƙwabta. Waɗannan ban karɓa ba, amma ban gaya wa kowa ba. Kafin shekara biyu 'yan doka suka kama shi a kasuwa, aka kai shi gidan yari. Da ya fito ya bi jirgin ƙasa ya yi Kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Malam Tanko ya gano inda tasoshin matarsa suka shiga, ya zo har zaurenmu.

"Binta, ashe kina gani? Ko tsawa ɗaya ba ki yi masa ba? Ba ƙanenki ba ne?"

"Ina da ƙane, Baba Tanko, ka san inda yake kwance. Tun daga kansa na daina taɓa ɗan wani."

Na tsaya ina jira ko a ranar zai faɗi abin da ya ƙi faɗa a kan tabarmarmu. Ya sa takalmansa ya fita.

Nakan tambayi kaina abin da Sale zai ce in ya ga unguwar nan yau. Da yanzu tsoho ne, wataƙila yana cikin masu cewa yaran zamani sun lalace. Zai ga ka tsawata wa yaro, uwarsa ta fito ta ci ɗamara, ko ka tsinci kanka a ofishin 'yan sanda. Wannan ma ɓarna ce, ba na musu. Amma ina jin abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yaro ya shigo gida ya ce an doke shi, a ɗaga rigarsa a duba kafin a tambaye shi laifinsa. A zamaninmu unguwa tana da hannun hukunta kowane yaro, ba ta da bakin da za ta ce wa babba ya wuce iyaka. Mai son a dawo da na farko, ya zo da na biyun tare.

Ni ma ban tsira ba. Matan Tarauni sun ji abin da na yi, suka rama mini da irinsa. Ba wadda ta sake tsawata wa ɗana ko 'yata. 'Ya'ya biyar na raina da idona biyu kaɗai, ga yawon dillanci gida-gida. Huɗu Allah ya shirya su. Na biyar ɗin kuwa, layinmu duka ya ga ranar da ya fara bin 'yan shaye-shaye, ni ce ta ƙarshe da ta sani, kuma lokacin ya riga ya yi nisa.

Sale bai bar hoto ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa ɗabi'a ce guda a gidana: duk jikan da ya shigo yana tafiya a karkace, sai na tuɓe masa riga da hannuna. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini dariyar da na yi masa.

Malam Tanko ya mutu yana tare matafiya a tasha yana tambayar ko sun ga autansa. Ban je gaisuwa ba. Ya ci mini ɗaya, na ci masa ɗaya, unguwa ta ƙara ci mini wani. Yara uku ke nan, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya ɗaga ƙota ya doki wani. In ciniki ne, na faɗi, faɗuwar da ban taɓa yin irinta a kasuwa ba. Haƙƙin Garba yana wuyana, na san zan amsa shi gaban Allah. Ubansa kuwa har yau ban yafe masa ba.