Zanzaro a Hancin Jirgi

Har gobe ba zan manta da wata Alhamis ta damina a filin jirgin Gusau ba. Lokacin ina injiniyan wani ƙaramin jirgin haya, ba ya tashi sai na sa hannu a littafinsa. Kwanansa uku a ajiye, sai wani Alhaji daga Kwatarkwashi ya ɗauke shi don a kai mahaifiyarsa asibiti Abuja. Likita na jiranta kafin la'asar.

Kyaftin, wato matuƙin jirgin, ya fara gudu a titin tashi, sai ya taka birki ya dawo. Agogo biyu ke nuna saurin jirgi, nasa da na mataimakinsa. Sun saɓa wa juna, kwamfuta ta kunna fitilar gargaɗi. Ƙa'idarmu ta yarda a kashe kwamfuta a sake kunnawa, domin wani lokaci ruɗewa kawai take yi, kamar wayar hannu. Na kashe, na jira minti ɗaya, na kunna. Fitila ta ɗauke.

"Shi ke nan, Malam Sani, sa hannu," in ji Kyaftin.

Alhaji ya matso. "Mi kake jira kuma? Inna na ciki tana nishi."

Wallahi tausayi ya kama ni, amma ni mutum ne mai shegen bin diddigi. Me ya sa kwamfuta ta yi gargaɗi jirgi yana gudu, ta yi shiru yana tsaye? Ai jirgin da ke tsaye, agogunansa ba su da abin yi wa juna gardama.

Na roƙi minti goma. Na hau tsani, na haska tocila cikin siririn bututun da ke gefen hancin jirgin, wanda iska ke shiga ta gaya wa kwamfuta sauri. Laka ce danƙare a ciki. Zanzaro ya yi gini! Kunya ta rufe ni, domin ni na manta ban sa wa bututun murfi ba ranar da muka sauka.

Awa biyu muka yi muna cirewa da wankewa da gwaji. Na nuna wa Alhaji lakar a tafin hannuna.

"Wanga ɗan abu?" ya ce.

"Shi fa, Alhaji."

Daga nan na sa hannu, jirgi ya tashi. Sai dab da magariba suka isa, likita kuma ya jira, Inna ta samu sauƙi.

Shi ya sa nake gaya muku, kashewa da kunnawa bakin kwamfuta yake rufewa, ba ya gyara jirgi. Kowa a filin nan so yake Inna ta tafi da wuri, kuma duk don alheri ne. Amma da na biye wa tausayi na sa hannu, da wataƙila ba ta isa ba sam.