Askin Ƙarƙashin Hular Kwano

Lokacin da ake gina madatsar Bakolori, ni wanzami ne a Talata Mafara, aska kawai na iya riƙewa. Sai samari ma'aikata suka fara neman askin gayu irin na Turawan kamfani. Na yi ƙundunbala na sayi almakashi, na kai tabarmata bakin ƙofar wurin aiki.

Duk kan da na taɓa sai ya fito kamar gonar da awaki suka shiga. Amma ba wanda ya yi ƙorafi, don ba mai cire hular kwanonsa ko wajen zance, kada a ɗauka manomi ne.

Ranar da aka sallame su aka karɓe huluna, kowa ya dawo yana roƙon in ɗauko aska.